Koren Ruwa Ya Haɗa Ni Da Yayana

Anti Balaraba, don Allah ki taimake ni da shawara kafin baƙin ciki ya sa in faɗa wa yayana abin da ba zai janyu ba.

Mijina ya rasu ya bar min yara da wata tsohuwar mota. Da ita nake sauka Akwanga in sayo doya da manja in kawo Jos, da ita muke ci. Yayana, Yaya Sharafaddeen, bakanike ne a nan Nasarawa Gwom. Shi ya koya min tuƙi, shi ke duba motar, bai taɓa karɓar ladan hannunsa ba. Na faɗi wannan don kada a ce ni butulu ce.

Tun bara motar ta soma zafi. A cikin gari lafiya lau, amma da na ɗauko Hawan Kibo da kaya sai allurar zafin inji ta haye ja, tururi ya turnuƙe. Na kai masa, ya cire tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, ya jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne. Jos ɗin da muke kwana da bargo biyu! Ya haɗa fanka kai tsaye, tana ta juyawa ba tsayawa. Da lagireto ya fara yoyo, a gabana ya fasa ɗanyen ƙwai ya zuba a ciki. Ya ce in riƙa yawo da jarkar ruwan rijiya, na zama kamar mai ga-ruwa.

Watan jiya ta tafasa a tsakiyar hawan, tirela na bayana tana huci. Na ja gefe, wani direba ya kwarara mata ruwan sanyi. A wurin na yi kuka, don na tuna yarana ba su da kowa sai ni.

Ban gaya wa kowa ba na kai ta Anguwan Rukuba wurin wani bakanike, Obum. Ya nuna min lagireton a toshe da tsatsa da ƙwai, murfinsa kuma ya saki. Ya wanke, ya canja murfi, ya mai da tamostat, ya gyara fanka, ya zuba wani koren ruwa na sanyaya inji. Tun lokacin allura ba ta wuce tsakiya ba.

Ranar Juma'a Yaya ya zo gaida Mama, ya buɗe bonet kamar yadda ya saba, ya ga koren ruwan. Ya rufe, ya goge hannu, ya fita ko abinci bai ci ba. Yanzu ba ya amsa gaisuwata. Wai na kunyata shi a cikin 'yan sana'a. Mama ta ce in ba shi haƙuri in mai da masa motar, shi kuwa ya rantse zai cire duk abin da aka sa. Wato in koma tafasa a kan dutse don a ce ina da ladabi? Raina ya ɓaci, Anti. Ni na kusa mutuwa, kuma ni ce mai laifi.

Ƙanwar Bakanike, Nasarawa Gwom

Amsa:

'Yar uwa, Allah Ya jiƙan maigidanki. Fushinki na kan hanya, ni ma da na karanta zancen ƙwai sai da na ajiye takardar na sha ruwa.

Na tambayi masu sana'ar, bakinsu ya zo ɗaya. Cire tamostat ba ya maganin zafi, ɓoye ciwon yake yi, kuma da sanyin safiyar Jos injin ba zai ɗumama da wuri ba, sai shan mai. Ƙwai dabarar fita daga daji ce, in ya zauna shi ke toshe lagireto. Ruwan rijiya kuwa tsatsa yake haifarwa. Kada ki yarda a cire komai.

Amma tunda ta sha tafasa, har an kwara mata ruwan sanyi tana da zafi, a duba gasket ɗin kan inji ko ya ƙone. Da safe kafin ki tayar, ki zaro sandar baƙin mai. In ya yi kamar shayi da madara, ko salansa na ta farin hayaƙi bayan injin ya ɗumama, ko ruwa na raguwa ba ki ga yoyo ba, kada ki hau hanya. In allura ta sake tashi, ki kunna hita don ta janye zafin, ki samu gefe ki kashe, ki jira ta huce. Kada ki taɓa murfin lagireto da zafinsa, zai iya saɓule miki fuska.

Sai yayanki. Ba mugu ba ne, haka aka koya masa, kuma rabin garejojin garin nan haka suke yi. Mutumin da ya tsaya miki tun rasuwar mijinki, a bonet ya gano kin tsallake shi, ba daga bakinki ba. Nan ne kika yi kuskure. Ki same shi shi kaɗai, ba a gareji gaban yaransa ba, ki ba shi haƙuri a kan ɓoyewar. A kan gyaran kuwa ba ki da haƙurin bayarwa. Ki gaya masa labarin tirelar nan, don ina zargin har yau bai ji ba. Birki da juyen mai ki bar masa, kuma ki roƙe shi ya duba miki gasket ɗin.

In ya nace a kan tamostat, kada ki yi musu. Ki ce ya raka ki Akwanga, ku loda doya, ki miƙa masa makulli a gindin Hawan Kibo, ki zauna a gefe ki yi shiru. Bakanike ne, idonsa ba zai bar allurar nan ba har ku kai sama.

Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya riƙa dawo da ke ga yaranki lafiya.

Anti Balaraba