Daɓen da Inna ke ji da shi

Goggo Ramlah, don Allah ki agaza min, kaina ya ɗaure. Gidanmu a garin Kuala Berang na katako ne, a kan ginshiƙai, Baba ya gina shi da hannunsa. Daɓen yana rawa. Mutum ya taka, shayi ya motsa a kofi, kwanukan kabad su yi ta ƙara. Mu dai mun saba. To Baba ya rasu, sadakar arba'in saura sati biyu, kusan mutum sittin za su zauna a falo. Yaya Rosdi ya dage sai an ɗaure daɓen gaba ɗaya ya daina motsi, wai kar mu zubar da liman cikin kajin ƙarƙashin gida.

Matsalar Inna ce. Shekara takwas ko tsawa ba ta ji. Da tafin ƙafa take gane mu, ta san takun Yaya, ta san nawa, tun muna barandar baya take juyowa. Da na rubuta mata maganar gyaran sai ta ture takardar, ta ce an ɗauke mata miji, yanzu kuma za a ɗauke mata kunne. Wallahi sai da na yi kuka. Amma in daɓen ya rufta da ita fa? Ni ce a tsakiya, kowa hararata yake.

'Yar autar kafinta

'Yata, Allah ya jiƙan Baba. Share hawaye ki ɗebo ruwa a kofi. Ba kowace rawa ce ciwo ba, katako dama yakan ɗan ba da kai ya dawo. Ajiye kofin a tsakiyar falo, ki ɗaga dunduniya ki sake ta da ƙarfi. In ruwan ya girgiza ya lafa nan take, da sauƙi. In ya daɗe yana kaɗawa, ko rawar ta ƙaru bana, ko daɓen ya lotsa, akwai magana. Sai dai kofi ba kafinta ba ne. Gobe a kira kafinta ya shiga ƙarƙashi ya sossoka katakan da ƙusa, don gara ba ta sallama.

Yayanki yana da gaskiya, daɓen da ya saba da mutum huɗu bai san sittin ba. A cire ruɓaɓɓe, a ƙara ginshiƙai a ƙarƙashin falo, wannan ba ciniki. Inda ya zarce shi ne cewa gaba ɗaya. In kafinta ya ce hanyar baranda zuwa ɗakin Inna lafiya take, a bar mata abinta.

Kuma ku daina yanke shawara a bayanta. Ku sauko da ita ta taɓa katakon da hannunta, matar kafinta ce, ta fi ku sanin ruɓaɓɓe. In gyaran ya rage rawar, ki ƙara nauyin ƙafa. Na san tun kina ƙarama ake miki faɗa ki daina tafiya kamar giwa. To yau Goggo ta ba ki izini. Allah ya sa a yi taro lafiya, ya bar Inna da jin takunku.