Hayaniyar Nan Kakarka Ce

Zuwa ga abokina kuma jikana Muttaka,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka, ya tsare ku daga motocin Legas. Mu nan Birnin Gwari sai godiya. Ƙafar nan tawa tana nan yadda ka san ta, ta ƙi ni, na ƙi ta. Ƙanwarka Muslimat ta sauka lafiya, namiji, an sa masa Abdulƙarim. Gonakinmu na wajen Kakangi bana ma ba a je ba, sai ɗan abin da aka noma a bayan gari. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Yayarka Saliha ce ke rubutawa, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana, don na san halin malaman makaranta.

Saƙonka ya iso. Ka ce rumbun nan da kuke kira saba, inda ake zuba labaran Unguwar Bakoji da kuka yi ta ɗauka daga bakina, ya cika maƙil, ko sunan mutum ɗaya ba zai ƙara shiga ba. Ka ce a goge na farko-farkon, waɗanda aka ɗauka a tsakar gida, tunda hayaniya ta yi yawa a ciki, kuma daga baya an sake ɗaukar su a natse. To, Muttaka, hayaniyar nan kakarka ce, Allah ya jiƙanta. Ita ce ke katse ni daga bakin murhu. Ina cewa Wakili ne ya haƙa rijiyar bakin masallaci, tana cewa Yero ne, Bafulatanin da ke saukar da shanunsa a fadamarmu. Na natsen da kake yabo kuwa, bayan rasuwarta aka ɗauke su, shi ya sa babu mai katse ni. Garinmu na Unguwar Bakoji ya watse, gidajen sun zama kufai. Na ce wa Saliha in dai sai an goge, a goge ni, a bar ta.

Saliha ta ce ba sai an goge kowa ba, ana iya faɗaɗa wurin. Nan ma na ƙi. A sanina ba a fasa rumbu da hatsi a ciki don a ƙara masa girma, sai dai a gina wani. Ta zauna ta yi mini bayani har na gaji da musu. Ashe sabar taku ba wata na'ura ba ce da ka saya ka ajiye, ɗaki ne aka yankar maka cikin wata babbar na'ura a can wata ƙasa. Ta ce kuma ka yi dabara tun farko, ba ka kafe bangon ɗakin ba, ka tsara shi yadda za a iya matsar da shi kaya na ciki. Wannan kam na yaba maka, kada dai kai ya kumbura. Duk da haka na ce ba za ta taɓa komai ba sai ta kwafe muryar kakarka gefe guda, yadda ake ware iri kafin a taɓa rumbu. Ta ce dama haka ƙa'idar take.

Ranar da sabis ɗin waya ya yi kyau muka zauna a zaure. Ta roƙi masu wurin suka ba mu sabon faifai, wanda na ɗauke shi kamar filin da ke maƙwabtaka da gida. Ta yi masa shaida cewa namu ne, ta haɗa shi da tsohon suka zama cikin katanga ɗaya, sannan ta ja ɗakin ajiyar ya shiga sabon filin. Da ta duba, sai abin ya ce har yanzu a cike yake. Ta kira ka, wayarka a kashe, kamar kullum in ana nemanka. Na fara faɗa, na ce ai ga irinta nan. Ita ko ta yi ta kallon allon, can sai ta yi dariya. Ta ce an matsar da bango amma ba a ja daɓe ya kai sabon bangon ba, shi ya sa mai jera kaya yake tsayawa a tsohuwar iyaka. Ta buga ɗan rubutu layi guda, sai ga wuri fayau, kuma ko ƙwaya ba ta zube ba.

Ban yarda ba sai da ta kunna mini. Sai ga tsakar gidanmu, ga kaji, ga ƙarar muciya, ga ni ina ta zuba. Can sai muryarta ta taso: "Malam, ka ji tsoron Allah, Yero ne. Angona, kashe abin nan ka zo ka ci tuwo, ƙarya yake shirga maka." Da kai take. Saliha ta tashi ta shiga cikin gida, ni kuma na ce hayaƙi ne ya shiga mini ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

Yanzu akwai wuri, saboda haka in ka zo da salla ka taho da abin ɗaukar maganarka, don ban gama da makabarta da iyakokin gonaki ba. Ka gaida matarka Jamilatu, ka ce amaryata ta daina ba ka abinci da yawa. Ka gaida baffanka Dabo in kun haɗu. Saliha da Muslimat da duk mutanen gida suna gaishe ka.

Maganar rijiya kuwa, Wakili ne ya haƙa ta, ina nan a kan bakana. Amma ka bar ta ta ci gaba da ƙaryata ni.

Wassalam. Ni ne kakanka,
Mu'azu na Unguwar Bakoji