Takalman da Ban Ɗinka Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Ni mahaifinku nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Likita ya auna duk abin da ake aunawa, ya ce hanta ta gaji, amma kai lafiyarsa ƙalau. Na fara da wannan ne domin kafin ku kai ƙarshen takardar ɗayanku zai ce Baba ya zautu. Ban zautu ba. A gigice dai nake, wata biyu ke nan, kuma ba maganar likita ce ta gigita ni ba.

Na ɗaya. Gida da shago da abin da ke cikinsu a raba yadda shari'a ta tanada. Ku kira wanda ya san rabon gado, kada kowa ya zama malamin kansa. Ina roƙonku ku bar mahaifiyarku a ɗakinta muddin ranta, ku kuma bar wa Auta littattafaina, tunda shi kaɗai na taɓa kamawa yana buɗe su ba don neman takardar kunna wuta ba.

Na biyu. Lambar yabon nan ta gilashi da na juya fuskarta ga bango a saman kabad ba tawa ba ce. Ku zauna ku ji yadda aka yi.

Kun san ƙungiyar masu hidima ga jama'a, waɗanda ke haɗuwa kowace Laraba a ɗakin taron otal: 'yan kasuwa, lauyoyi, likitoci biyu, kowa da ɗan baji a ƙirji. Duk shekara sukan zaɓi mutum ɗaya su naɗa shi Gwarzon Sana'a. Da wasiƙarsu ta iso ban yi mamaki ba, ina faɗa da kunya. Cewa na yi a raina sun ma makara. Shekara talatin ina da shagon ɗinkin takalma, ko da yake ku shaida ne rabona da riƙe zare ya fi shekara goma sha biyar. Aikina zama a gaban shago da littafi, in gaisa da masu saye, in leƙa baya in ce a yi sauri.

Ranar taron aka zaunar da ni a babban tebur. Shugaban ƙungiya, mai sayar da kayan gini, ya gyara tabarau ya fara karanta yabo. Ya ce ga mutumin da ya shafe shekaru yana ɗinka wa yara masu gajeriyar ƙafa takalma na musamman, kyauta, a ɓoye, ko iyalinsa ba su sani ba. Wallahi sai da na waiwaya in ga wanda ake nufi.

Sai aka buɗe ƙofa, yara goma sha ɗaya suka shigo da iyayensu. Kowane yaro takalminsa ɗaya na kowa da kowa ne, ɗayan kuma an tula masa ƙasa mai kauri, yadda ƙafafun za su yi daidai. Shugaba ya ɗaga wani takalmi ya kife shi, ya nuna wa jama'a tambarin shagona. Ashe 'yan ƙungiyar sun je asibiti raba sandunan guragu, suka ga takalman, suka juya ɗaya suka karanta tambari. Kwamiti ne na mutum biyar masu digiri, bincikensu ya fara a ƙasan takalmi, a nan kuma ya ƙare.

Aka miƙo mini takalmin in riƙe don hoto. Ina taɓa shi na gane hannun da ya ɗinka shi. Ɗinki biyu a dunduniya, ƙulli a ɓoye ta ciki don kada ya ci ƙafa. Mutum ɗaya na sani a duniya mai yin haka, Baba Basilla. Tambarin kuma a karkace yake, irin ƙasan takalman da injin ya buga ba daidai ba, waɗanda muke jefawa cikin buhun shara a bayan shago.

Auta, kana makaranta lokacin, bari in faɗa maka. Baba Basilla ya yi mini aiki shekara goma sha tara. Shekara huɗu da suka wuce yayanka Babba ya lura buhun shara na ramewa, ya sa ido, ya kama tsohon da ragowar fata da lalatattun ƙasan takalma a jaka. Na tara ma'aikata, na kira shi ɓarawo a gabansu. Abin da ya ce kawai shi ne, “Maigida, ai abin da kuka zubar ne.” Na ce sharar ma tawa ce. Ban tambaye shi me yake yi da su ba. Na karanta labaran ɓarayi da yawa, na ɗauka na san amsa. Ban tsaya nan ba, sai da na bi masu shagunan takalma bakwai na layinmu na gargaɗe su. Tun daga ranar babu wanda ya ɗauke shi aiki.

To ga ni tsaye, takalmi a hannun hagu, makirufo a dama. Kuna zaton me na yi? Jawabi na yi. Na ce alheri ya fi kyau a ɓoye. Na kawo maganar marubuta biyu. Muryata ko rawa ba ta yi ba, kuma wannan ne ya fi firgita ni har gobe: ban san bakina ya iya aiki shi kaɗai haka ba. Jama'a suka miƙe suna tafi. Wata uwa ta kama gefen rigata tana kuka tana cewa Allah ya ɗora ni a kan ƙafafuna ranar tsayuwa kamar yadda na ɗora 'yarta. Na ce amin. Ta saman kanta na hango 'yar'uwarku Nas ta ɗauki jakarta ta fice.

Bayan kwana uku na sami Shugaba a shagonsa, tsakanin buhunan siminti, na faɗa masa komai. Dariya ya yi, ya ce tawali'una ya fara yawa. Da ya ga da gaske nake sai ya ɓata rai, ya ce an buga sunana a littafin shekara, an aika hoto babban ofishi, ina so a ce kwamitinsu bai iya aiki ba? Ya ce in kwantar da hankalina, baɗi za su duba ko akwai wata ƙaramar lamba ta mataimaka.

Daga nan na nemi Baba Basilla. Yana zaune a inuwar katangar asibiti da akwatin gyaran takalma. Yana ganina ya miƙe ya ba ni kujerarsa, ya tsuguna. Ya ce, “Maigida, na ji an karrama mu. Allah ya sanya alheri.” Na duba fuskarsa ko gatse ne. Ba gatse ba ne, da ma gatsen ne da na sami abin riƙewa. Ya nuna mini yatsunsa, sun lanƙwashe, domin da hannu yake huda ƙasa mai kauri tun da ya rabu da injin shagona. Ya ce ƙafar yaro ba ta jira, duk wata shida sai an sake, tsofaffin yake warwarewa yana yi wa na baya, yanzu haka yara shida na layi. Na buɗe baki in roƙe shi gafara. Bakin nan da ya yi minti goma yana zuba a otal ya tambayi lafiyar iyali, ya yi sallama. Na ce gobe zan koma. Goben a gadon asibiti ta same ni.

Na uku. Daga cikin sulusin da Allah ya yardar mini in yi wasiyya da shi, na ba Baba Basilla babban injin ɗinki, da ƙananan katakan ƙafa da ake ɗora takalman yara a kai. Ku bar masa ɗakin bayan shago ya yi aiki muddin yana iyawa. Fatar da yake buƙata a yanko masa daga sabuwa. Lambar gilashin a kai wa mai zane ya goge sunana ya sa nasa. Idan ya ƙi karɓa kada ku matsa masa, mai yiwuwa ya fi mu sanin amfaninta.

Na huɗu, naka ne Babba. Ka bi shagunan nan bakwai ɗaya bayan ɗaya, da ƙafarka, ba ta waya ba. Ka ce mahaifinka ya kira mutumin kirki ɓarawo, kuma ƙarya ya yi. Sannan ranar Laraba ka je otal, ka nemi izinin magana bayan an gama cin abinci, lokacin sun fi laushi, ka karanta musu wannan takarda daga na biyu zuwa nan. Shugaba zai yi ta duba agogo, ka ci gaba. Na san za ka ce sunan shago zai zube, kai kuma shagon za ka ci gaba da riƙewa. Zai ɗan zube. Ba horo nake maka ba, ɗana. Abin da idonka ya gani ka faɗa, ni ne alƙalin da ya yanke hukunci bai tambayi komai ba. Na zaɓe ka ne don kai za su saurara.

Na biyar. Nas, ke kaɗai kika ce a bar tsohon ya yi bayani, na ce ki koma kan alluranki na asibiti. Shekara huɗu ba ki taka shagon ba, yayanki kuma sai gaisuwar da ba ta wuce haƙori. Ke ce mai gaskiya, kuma duk gidan nan babu wanda ya kai ki sanin haka. Ya isa. Ki raka Babba otal ɗin, ki zauna inda zai riƙa ganinki, domin na san shi da saurin karaya.

Na shida. 'Yan ƙungiya za su zo gaisuwa da bajojinsu. Ku karɓe su da mutunci, ba miyagu ba ne, gaggawar yabo ce ta yi musu yawa, ni kuma na tara musu hannu. Amma wanda ya fara ambaton takalman yara a kan gawata, ku ce masa addu'a ta wadatar.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda kuka ɓoye da kyau. Ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'ya masu jinƙanku, ya tsare ku daga yabon da ba naku ba. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada a ji kanku a waje, kada Auta ya rasa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kafin rabon komai, ku tafi ku uku tare gindin katangar asibiti wurin Baba Basilla. Zai miƙe ya ba ku kujerarsa, kada ku zauna. Ku ce masa mahaifinku yana roƙon gafararsa, ku faɗa da ƙarfi yadda masu sayar da kaya a gefensa za su ji. In ya ce babu komai, ku ce akwai.