Sun Ce Tunkiyar da Na Ba Jikata Ce Ta Kwantar da Uwarta

Malama Rauda, ɗiyata, ki taimake ni don Allah, raina ya ɓaci har abinci ba ya shiga. Ni dattijo ne a Fakku, ƙasar Kebbe. Sai da furfura ta fito mini na shiga ajin yamma na yaƙi da jahilci, in kin ga rubutun ya karkace ki yi haƙuri. Da hannuna na rubuta don kada kowa a garin nan ya ji.

Ɗana Gazali shekara goma sha ɗaya da aure ba haihuwa. Bana Allah Ya ba matarsa Hamdiya ɗiya mace, Ni'imatu. Ranar da aka yi mini albishir kuka na yi a gaban mutane, ban ji kunya ba. Amaryata ke nan, kuma duk wanda ya gan ta ya ce hancina ta ɗauko.

Da suka dawo daga wanka a gidansu Hamdiya a Dogon Daji, na shiga garke na zaɓi tunkiyar da ta fi kowace, fara, da tsohon ciki, na ce ta Ni'imatu ce. Haka kakana ya yi mini. Na kafa mata turke a ƙofar ɗakin Hamdiya. Zan faɗa miki gaskiya: ni ba na shiga ɗakin suruka, akwai kunya. Amma in na zo da harawa safe da yamma, dole a miƙo mini jaririyar in riƙe. Dalilin turken ke nan.

Da bazara tunkiyar ta yi ɓari a wurin, 'yan biyu. Na kwashe da hannuna na jefa a juji bayan danga. Hamdiya ce ta share wurin, don ƙofarta ce. A satin nan wasu tumaki biyu a garke su ma suka zubar. Na ce zafi ne.

Bayan kamar sati uku sai Hamdiya ta fara zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari. Ba ta kwanta ba, tana girki tana wanki, kowa ya ce mura ce. Mai kemis ya ba ta maganin maleriya, ya ba ta kafso, ya sake ba ta wani kafson, a banza. Sai da numfashinta ya fara sama-sama aka kai ta Tambuwal, daga can aka tura su Sakkwato. Aka ɗauki hoton ƙirji aka ce limoniya ce, ciwon huhu. Wai likita, yaro ƙarami, ya yi ta tambaya ko akwai dabbar da ta haihu kusa da ita. Da ya ji labarin tunkiya sai ya ce mai yiwuwa daga nan ne. Ya canza magani, ta warke, alhamdu lillahi.

To daga asibiti Gazali bai kawo su gida ba. Ya wuce da su Dogon Daji, ya aiko mini ɗan acaɓa, ɗan acaɓa fa, wai ba za su dawo ba sai na fid da dabbobi daga cikin gida. Surukina Alhaji Ɗangiwa kuwa yana gaya wa mutane a kasuwa wai na mai da ƙofar ɗiyarsa garke.

Malama, shekara sittin ina karɓar haihuwar tumaki da shanu. Hannuna ya shiga cikin saniya ya fi a ƙirga. Ban taɓa tari saboda haka ba, ubana ma haka. Kowa ya san sanyi ke kawo limoniya. Hamdiyar nan ranar arba'in cif ta ajiye wankan ruwan zafi, mijinta ya sa mata fanka mai sola, yana sayo mata ruwan ƙanƙara. Wannan ba su gani ba, sai tunkiyata! Ni da ko ƙuda ban yarda ya sauka kan jikar nan tawa ba, ni ne zan kawo cuta ƙofarta?

Yau kwana talatin da fuɗu ban ga Ni'imatu ba. An ce har ta fara dariya. Na rantse a raina ba zan cire turken ba, kuma ba zan taka Dogon Daji ba sai an zo an ba ni haƙuri. Ki gaya musu a jarida cewa tunkiya ba ta sa wa mutum limoniya, in kai wa Gazali ya karanta.

Kakan Ni'imatu, Fakku.

AMSA

Baba, barka da arziki, Allah Ya raya Ni'imatu. Rubutunka ya fita sarai. Sai dai abin da ka roƙa ba zan iya rubutawa ba, domin na kai wasiƙarka wurin likitan ƙirji da likitan dabbobi, kuma bakinsu ya zo ɗaya.

Sanyi ba ya haifar da limoniya. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga huhu. Akwai wadda aka saba gani, mai kayar da mutum nan da nan da majina. Akwai kuma mai zuwa a hankali, da busasshen tari da ciwon kai, mutum yana ta harkarsa. Ita wannan ƙwayoyinta daban ne, shi ya sa kafson da aka fi sayarwa a kemis yakan kasa ta. Wata daga tarin mutum ake ɗaukarta, musamman a ɗaki mai cunkoso. Wata daga busasshen kashin tsuntsaye, irin su tattabara da aku. Wata daga feshin ruwan tanki da ya daɗe da ɗumi. Wata kuma tana cikin mabiyiya da ruwan haihuwar tumaki, awaki da shanu. In ya bushe a ƙasa aka share, ƙurar ce ake shaƙa. Ita ce kuma kan sa dabbobi ɓari.

Likita cewa ya yi mai yiwuwa, bai ce tabbas ba, kuma ni ma ba zan ce ba. Amma tumaki uku sun zubar a sati ɗaya, wadda ta share wurin ta kwanta bayan sati uku. Ko kai aka ba wannan labarin a gidan wani, za ka tsaya ka yi tunani. Rashin tarinka kuwa ba hujja ba ce. Makiyaya da yawa sun kamu tun suna yara, suka ɗauka zazzaɓi ne, jikinsu ya saba. Hamdiya a cikin gari ta tashi, ga jego.

Kana da gaskiya a wuri biyu. Ba da sani ka yi ba, ƙauna ce ta kafa turken nan. Kuma Gazali ya yi kuskure da ya aiko maka ɗan acaɓa. Kamata ya yi ya zo ya durƙusa ya yi maka bayani. Amma ka tuna shi ne ya tsaya a kan matarsa tana neman numfashi, ga jaririya a hannunsa. Tsoro ne ya sa shi, ba raini ba.

Ka cire turken. Ka mai da dabbobi bayan gida, ka kira likitan dabbobi ya duba garken. In wata ta haihu ko ta zubar, ka sa leda a hannu, ka binne abin da zurfi, ban da juji. A yayyafa ruwa kafin shara, a tafasa madara kafin a sha. Mai ciki da mai jego kada su kusanci wurin haihuwar dabba. Wanda tarinsa ya wuce sati a gidanka, asibiti.

Rantsuwar da ka yi a cikin fushi, ka tambayi limaminku kaffararta. Maganar kasuwa ka bar ta ta mutu a kasuwa. Kada ka jira ban haƙuri, Baba, zai zo daga baya. Ita yarinyar ba ta san da rigimarku ba, girma kawai take yi, kuma in ka ƙara wata guda, ranar da aka miƙo maka ita kuka za ta yi don ba ta san fuskarka ba. Ka hau babur wannan satin.

Allah Ya ƙara wa Hamdiya lafiya, Ya huci zuciyarka, Ya nuna maka auren Ni'imatu.

Malama Rauda