Kibau Goma Sha Ɗaya a Littafin Marigayi Treloar

Glenys Pascoe,
Lamba 9, Titin Wellesley,
Hobart ta Kudu, Tasmaniya.
14 ga Agusta, 2019.

Mai Girma Babban Edita,
Mista Desmond Kerrigan,
Maɗaba'ar Currawong Lane,
Melbourne.

Game da: Sauya kibau goma sha ɗaya a littafin marigayi Farfesa Alwyn Treloar

Yallaɓai,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce wadda ta shekara talatin da ɗaya tana tsara wa marigayin rubutunsa na lissafi, tun muna zana kibiya da rula har kwamfuta ta zo. Ba ni da digiri, amma na san inda kowace kibiya tasa take tashi da inda take sauka. Ina roƙon a dubi waɗannan koke-koke.

1. Ranar 6 ga Nuwamba, 2017, na miƙa wa ofishinku littafinsa na ƙarshe a buge a takarda, kamar yadda kuka nema, don ku sake tsarawa da salon gidanku. Kibau iri biyu ne a zane-zanensa. Mai layi a haɗe tana nufin abin da aka riga aka sani; mai ɗigo-ɗigo kuwa ita ce abin da yake shirin tabbatarwa. Na rubuta wannan da jan biro a shafin farko, har na ja layi biyu a ƙarƙashi.

2. Littafin ya fito ranar 20 ga Mayun bana, babu ɗigo ko ɗaya a babin da ya kama daga shafi na 88 zuwa na 131, inda kibau goma sha ɗaya masu ɗigo-ɗigo suke. Da na buga waya, wata ma'aikaciyarku ta shaida mini, cikin fara'a kuwa, cewa sun ɗauka tawadar injina ce ta yi ƙasa, shi ne suka taimaka suka haɗe ɗigon. Ban ga laifinta ba, ba wanda ya nuna mata.

3. Ba a aiko mini da gwajin bugu na ƙarshe ba. Gidansa aka kai shi ranar 9 ga Maris, 2018, kwana shida bayan rasuwarsa, ya shige cikin katunan ta'aziyya. Shirun gidan makoki kuka ɗauka amincewa.

4. Yanzu duk wanda ya buɗe babin zai ga kamar tsoho ya ɗauki abin da yake nema ya mai da shi abin da ke hannunsa. A watan Yuli wani mai sharhi ya rubuta a mujallar lissafi, cikin tausayi, cewa gara a riƙa tuna Treloar da aikin ƙuruciyarsa. Kowa a Hobart ya san ciwon mantuwa ya kama shi a ƙarshe, don haka ba wanda ya musa. Amma wannan babi tun 2014 ya gama shi, garau, yana zubar mini da shayi a kan takardu, yana faɗa in kibiya ta karkace ko da faɗin silin gashi. Tausayin nan ya fi mini zagi ciwo. Ranar da na je asibiti na ƙarshe bai gane fuskata ba, duk da haka na ce masa kibansa suna nan inda ya bar su.

Saboda haka, cikin ladabi, ina neman a dakatar da sayar da littafin, a sake buga shafukan kamar yadda na miƙa su, kuma ofishinku ya rubuta wa mujallar cewa kuskuren daga wurinku ne. Kwafin asali yana haɗe da wannan takarda.

Ina roƙon kada a jinkirta. Matarsa Noelene, mai shekara tamanin da huɗu, tana gidan kula da tsofaffi, kuma wani ya karanta mata sharhin. Ranar Lahadi ta riƙe hannuna ta tambaye ni ko lokacin da yake rubuta littafin mantuwar ta riga ta ɗauke mata shi, ita ce ba ta lura ba. Na ce mata a'a. Ta yi murmushi irin wanda ake yi wa mai lallashi. Ba ta san lissafi ba, amma za ta iya ganin ɗigo, in kun aiko da sabon bugun tun tana da ido.

A huta lafiya, Yallaɓai.

Taku cikin girmamawa,
Glenys Pascoe