Rarar Yatsa Biyu

Zuwa ga Yayata abar ƙauna,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Allah ya ƙara wa Inna sauƙin ƙafar nan, ya saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi mata. Mu nan lafiya lau, Auta ma ta warke, har ta koma makaranta da surutunta.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Kin san kamfanin ɗinkinmu ya kawo sababbin kekuna, aka ce dole mu tsofaffin ma'aikata mu shiga horo na wata biyu, wanda ya ci shi za a riƙe. Malamar da aka kawo ta ce ba za mu ɓata lokaci a kan tsummokara ba, aikin gaske za mu yi. Ta raba mu biyar-biyar, ta ba rukuninmu rigunan ma'aikatan jinya guda arba'in na wani asibiti, ta ce tare za mu ci, tare za mu faɗi. Ni aka ba yanka, tunda shekara ashirin da shida ina riƙe da almakashi. Har da fankamata, wallahi.

Kwali ake ba mu mai siffar riga, a ɗora a kan yadi, a zagaye da alli, a yanka. Malamar ta faɗa cewa an riga an saka rarar ɗinki a jikin kwalin. Kunnena ya ji, hannuna bai ji ba. Kowace riga sai da na ƙara mata yatsa biyu a gefe, yadda na saba. Da shugabar ma'aikatan jinyar ta zo gwaji, rigar ta zauna mata kamar buhu, hannun yana lilo. Malamar ta tambaya a ina aka kuskure, mai haɗa kafaɗa a rukuninmu ta fara rantse-rantse, idonta ya kawo ruwa. Sai na miƙe na ce ni ce. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Malamar ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce da tsumma ne da sai mu yi dariya, amma waɗannan akwai masu jiran su. Ta ba mu zuwa Alhamis mu warware, mu rage, mu mayar. In asibitin ya ƙi karɓa, mu biyar ɗin mun tafi. Yanzu mun gama ashirin da uku, yatsuna duk tsagar reza. Sauran huɗun suna zama kusa da ni suna warwara, amma ko gaisuwata da ƙyar suke amsawa, kuma ban ga laifinsu ba. Abincinsu na taɓa.

Ki taya mu da addu'a. Ki gaishe da maigidan, da Gwaggo, da Kawu, da yaran duka. Inna kuwa ki ce mata horo yana tafiya daidai, kada ki karanta mata wannan. Ita ta kama hannuna ina ƙarama ta koya mini barin yatsa biyun, ta ce tela mai tausayi yana bar wa mutum wurin ƙiba.

Taki har kullum,
Ƙanwarki