Wayar da ka ɗaura a darbejiya

Bashiru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hauwa'u da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Mabera lafiya lau, sai ƙafata da ba ka tambaya ba.

Ƙanwarka ta ce ka kira ta hankali tashe, wai kwana uku rediyonka bai kamo ƙarar akwatin da ka haɗa ka bari a nan ba. To, ba lalacewa ya yi ba. Ni na sa aka sauke wayarsa daga darbejiya, shanya muke yi a kanta. Akwatin na ba ɗan gwangwan, ya ba ni robar wanki biyu. Littafin da ka shekara biyar kana rubuta tashoshin da ka kamo, mai ƙosai na naɗi da shi.

Wai in ka ji "ɗit-ɗit" ɗin nan sai ka ji kamar kana gida. Na yi wata biyu a kwance, akwatin ya gaya maka? Magidanci da 'ya'ya uku yana kasa kunne ga kukan ƙarfe, uwarsa kuwa sai Sallah take jin muryarsa. Gara da mahaifinka bai ga wannan ba.

Kada ka aiko wani akwatin, inda wancan ya tafi can zai bi. In kana son sanin ko muna raye, ka zo ka duba.

Ka sa ni a addu'a. Ka gaida Hauwa'u, Allah ya ƙara mata haƙuri, kai kuma ya shirye ka.

Mahaifiyarka